Sunan da Jami'a Ta Raɗa wa Kawuna

A unguwarmu a Gadarif ban taɓa jin wani ya kira kawuna da sunansa na yanka ba. Shi ne ɗan farin kakarmu, don haka har ta koma ga Allah ba ta furta sunan ba, in za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". Matarsa Malam take cewa. Mahaifiyata ƙanwarsa ce, Yaya take kiransa, mu kuma muka tashi muna cewa Kawu. A kasuwar amfanin gona da kan hanyar gonaki kuwa, Larabawa da Hausawa da mutanen kudu duk da abu ɗaya suka san shi: wakili mai guntun hannu. Bel ɗin tarakta ne ya cire masa yatsu biyu na hagu tun yana saurayi. In ka shiga kasuwa nemansa da sunansa na gaskiya sai ka yini kana yawo, amma in ka ɗaga hannun hagu ka naɗe yatsu biyu, ko mai shayi za ta nuna maka inda yake zaune.

Manyan gonakin ƙasarmu, waɗanda muke kira mashru'i, masu su a gari suke kwana. Wakili shi ne mai zama a daji a madadinsu. Shi ke tara ma'aikata lokacin cire ciyawa da lokacin yankan riɗi, shi ke raba musu dawa da busasshen kifi, shi ke raba su in sun yi faɗa. Kawu ya yi wannan aikin a wata gona tsakanin Mafaza da Fau tun kafin a haife ni. Ba shi da lori, ba shi da shago, gonarsa ta bayan gari ma ba ta kai a yi maganarta ba. Abin da yake da shi shi ne magana ɗaya. Ma'aikata suna binsa daji mai nisa don in ya ce akwai abinci, akwai shi. Mai gona yana bar masa makullin sito ya yi barci har da munshari. A sansanin ma'aikata shi ke jan salla, a masallacin unguwa ma in liman ba ya nan shi ake turawa gaba. Mu da kakanninmu suka taso a ƙasa daga yamma za su Makka suka zauna a nan, har yau Fallata ake ce mana, ana kuma kallonmu kamar jiya muka sauka. To duk ran da rigima ta haɗa ɗanmu da ɗan gari, Kawu ake ɗauka ya je shaida, domin tasa ce ba a mayarwa. Wannan ita ce dukiyarsa duka, kuma ita aka cinye masa ina tsaye ina gani.

Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Kawu ne ya riƙe mu. Shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, har na tafi jami'a a Khartum na karanta Ingilishi. A shekarata ta ƙarshe ne jama'a suka yi wa mulkin soja bore ya faɗi, aka yi zaɓe, jaridu suka cika gari, kowa harshensa ya saku. Wata rana malaminmu ya kira ni ofis ya ce wata cibiya ta wata jami'a a ƙasar Turawa, mai bincike a kan haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya, ta aiko da mai bincike za ta Gadarif, tana neman wanda ya iya Hausa da Larabci da Ingilishi. Ban ma bari ya kai aya ba na ce ga ni. Kalmomin nan biyu a lokacin sun fi rake zaƙi a bakina, in na faɗe su ji nake kamar na yi wani aiki.

Daktora muke ce mata. Zan faɗi gaskiyarta, domin da muguwa ce da abin ya fi mini sauƙin haɗiya. Mace ce mai kirki. Tana cire takalmi kafin ta hau tabarma, tana cin tuwo da hannu, ta yafa mayafi tun daga tasha ba wanda ya ce mata. Yara suna binta tana dariya. Mahaifiyata ta yanka mata kaza, ta yi mata lalle, ta ce wannan Baturiya Musulunci kawai ya rage mata.

Da kaka muka shiga gonaki, lokacin da baƙar ƙasarmu ta fara tsagewa har ƙafar jaki kan maƙale. Muka sauka a sansanin da Kawu yake, rumfunan kara ne jere a gefen wani tafki da mutane da shanu ke sha tare. Daktora ta ajiye rikodarta ta fara tambayar ma'aikata. Ba wanda ya ce mata komai. Mutumin da ya yini a sunkuye da lauje, ka zo ka tambaye shi ra'ayinsa a kan zaɓe, sai ya dube ka ya dubi takalminka. Duk wanda muka matsa wa sai ya ce, "Wakili ya sani."

Wakilin ma da fari zamewa ya yi ta yi. Ya sa a dafa mana gahawa, ya ba ta labarin tsuntsaye masu cin dawa, da shekarar da ruwa ya yi gardama, da yadda ake gane riɗi ya isa yanka. Da ta kawo maganar ma'aikata sai ya dube ni ya ce, "Ya bitti, 'yata, gaya wa baƙuwarki magana zarar bunu ce. Ita gobe tana jirgi, ni ina nan."

Na gaya mata. Ta gyara zama ta yi bayani mai tsawo, ni kuma na juya masa shi da Hausa ban rage komai ba. Ta ce jami'arsu tana da doka mai tsanani. Duk wanda aka yi hira da shi ana canja masa suna. Kaset ɗin, da zarar an rubuta abin da ke ciki, gogewa ake yi. Sunansa na gaskiya ba za a ajiye shi ko'ina ba, ko alƙali ya nema ba zai samu ba. Ta ce akwai kwamiti na manyan malamai da ba su da aikin yi sai tabbatar da wannan.

Kawu ya juya ɗan kofin a hannunsa. Shi mutum ne mai girmama ilimi fiye da kima. A ganinsa wanda ya yi karatu har ake ce masa dakta ba zai yi alkawarin abin da bai iya ba. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Tunda malamai ne suka tsara, kunna na'urar."

Abu biyu ya faɗa mata. Na farko yadda mai gona ya aiko da lori ranar zaɓe aka kwashi ma'aikata, aka nuna musu alamar da za su zaɓa, aka ce wanda ya saɓa kada ya dawo. Wannan da dariya ya faɗe shi, domin ba gonar da ba a yi haka ba. Na biyun ne ya sa muryarsa ta sauka. Wani ma'aikaci mutumin yamma ya kwanta da zazzaɓi da gudawa a tsakiyar yanka. Kawu ya aika gari a ba da lori a kai shi asibiti, mai gona ya ce riɗi in ya bushe a tsaye zubewa yake, lori ba ta da lokacin mara lafiya. Mutumin ya mutu. Kawu ya yi masa wanka da ruwan tafkin da ya kashe shi, ya sallace shi, suka binne shi a bakin gona. Daga baya 'yan'uwansa suka zo cigiya gidan mai gona a gari, aka ce musu ai ya bar aiki ya nufi wajen Basunda, suka juya suka tafi neman wanda ke kwance a ƙasa. Kawu bai ji labarin zuwansu ba sai bayan sun yi nisa.

"Ni ba so nake a kama kowa ba," in ji shi. "A kawo tankin ruwa, a bar mota ɗaya saboda ciwo. Bas, shi ke nan."

Daktora ta yi kuka, hawaye na gaske. Da ta share ido Kawu ya ƙara mata gahawa, a nan ta lura da hannunsa, ta tambaya. Ya ji daɗin sauya magana, ya ba ta labarin bel ɗin tarakta har da kwaikwayon ihun da ya yi ranar, muka yi ta dariya. Ta rubuta wannan ma.

Ta koma ƙasarsu, muka yi sallama da rungume-rungume. Ni na gama karatu na dawo Gadarif na kama koyarwa a makarantar 'yan mata. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, babu labari. Ashe aikin jami'a haka yake tafiya: a rubuta, a aika wa wasu malamai su duba, su dawo da shi a gyara, a nemi mai bugawa. Suna can suna gyaran waƙafi, mu nan sojoji suka sake karɓe mulki. Aka rufe jam'iyyu, aka rufe jaridu, aka fara ɗauke mutane a mota marar lamba. Abin da mutum ya faɗa a rumfar shayi da rana tsaka shekarun baya, yanzu ko a ɗakinsa sai ya leƙa waje kafin ya faɗa. A wannan lokacin ne rahoton ya fito.

Ba su tsaya a bugawa ba. Suna da wata ɗabi'a da suke alfahari da ita, wai adalci ne a ji ta bakin kowane ɓangare. Saboda haka da hannunsu suka aika wa hukuma kwafi, suka aika wa ƙungiyar masu manyan gonaki kwafi, har da fassarar Larabci don kada wani ya sha wahalar karatu, suna roƙon a ba su amsa.

Malamina na Khartum ya aiko mini da nawa ta hannun wani direba. Na buɗe a ɗakin malamai lokacin tara. Sun cika alkawari, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun canja masa suna, sun raɗa masa wani irin suna na Larabawan birni da ba Bahaushen da ya taɓa amsa shi a unguwarmu. Daga nan sai rubutun ya ci gaba: wannan dattijo, Bahaushe, wakili a wata gona tsakanin Mafaza da Fau, mai jan ma'aikata salla, ya zuba mana gahawa da hannunsa na hagu wanda bel ɗin tarakta ya cire wa yatsu biyu. Daktora ta rubuta shi da kyau ƙwarai, har kana jin ƙamshin gahawar. Na karanta layin nan, na fita bayan aji na yi amai.

Su a can mutum sunansa ne: shi ke kan ƙofarsa, shi ke kan takardarsa, in ka cire shi ka ɓatar da mutumin. Ba wanda ya yi tunanin akwai garin da sunan yanka shi ne abin da aka fi ɓoyewa tun asali. Suka ɓoye abin da ba wanda ya sani, suka tallata abin da kowa ya sani. Kuma duk tsawon shekarun nan da manyan malamai ke duba rubutun, ba wanda ya ce a aiko wa yarinyar nan ta Gadarif ta duba mana. Ina da amfani lokacin da ake neman baki, da aka zo rubutu ba a tuna da ni ba.

Na je na gaya wa Kawu da yammar. Ya saurara, ya dubi hannunsa gaba da baya kamar yau ya fara ganinsa, ya ce, "To. Allah ya sa alheri." Na ce ya tafi Fau ko wani wuri ya ɓuya na ɗan lokaci. Ya ce da wannan hannun ina ne wurin ɓuya.

Da hantsi suka ɗauke shi, a tsakiyar kasuwar amfanin gona, yana tsaye kan buhunan riɗi ana awo. Waɗanda suka gani sun ce mutanen amni, wato jami'an tsaro, ko sunansa ba su tambaya ba. Ɗayansu cewa ya yi, "Nuna hannunka." Ya nuna, suka ce shiga mota.

Daga kaka har iskar bazara ta fara kaɗawa ba mu gan shi ba. Matarsa ta rame har zobe yana faɗuwa daga yatsanta. Mahaifiyata ta daina yi mini magana in ba dole ba, in na shigo sai ta tuna tana da aiki a madafa. A unguwa kuwa in na wuce sai hira ta tsaya. Na san abin da ake cewa: boko ya ci gidansu. Ban amsa ba a lokacin, ba kuma zan amsa laifin ba yau. Abin da aka faɗa na juya, ban ƙara ba, ban rage ba.

Labarin kamun ya kai wa Daktora ta wajen malamina, nan da nan cibiyarsu ta tashi tsaye. Ɗalibai suka yi zanga-zanga a cikin sanyi, aka buga takardu, aka rubuta wa gwamnatinmu daga ƙasashe daban-daban a saki wannan bawan Allah. Da wane suna? Da sunan da suka raɗa masa. Domin sun bi dokarsu sau da ƙafa, sun goge kaset, sun share sunansa na gaskiya, ita kanta Daktora Kawu take ce masa yadda ta ji ina faɗa. Hukuma ta amsa musu cikin ladabi cewa an bincika duk gidajen tsare mutane, babu mai wannan suna. Ina jin wannan ce gaskiya ɗaya tak da gwamnatin nan ta faɗa a duk shekarar.

Sai ga malamina da kansa ya zo Gadarif da saƙo: Daktora na roƙon mu ba ta sunan gaskiya da hotonsa, za a kai maganar manyan taruka na duniya. Ya faɗi haka a tsakar gidanmu yana zaune a bakin gado, kansa a ƙasa. Mahaifiyata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ustaz, da sunan ƙarya ma ga inda suka kai shi. In muka ba su na gaskiya sai gawa. Ka ce mata mun gode, kazar da ta ci ma na yafe."

Abin da ya fito da Kawu tsohuwar hanya ce. Dattawan unguwa suka ɗaura rawunansu suka yi ta sintiri gidan mai gona, domin kowa ya san shi ya kai ƙara, kuma ɗan'uwansa babba ne a amni. Suka sha zaman jira a ƙofa, suka sha baƙar magana a kan Fallata marasa godiya da aka ba masauki suka zama 'yan leƙen asiri. Daga ƙarshe ya sauko, amma da sharaɗi. Babban dattijon, maƙwabcinmu ne, shi ya zo ya faɗa mana bayan la'asar, ya ƙi ko zama.

"Ƙofa biyu ya buɗe," in ji shi. "Ko dai Malam ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya ce abin da ya gaya wa Nasraniya ƙarya ce, shi ya ƙirƙira. Ko kuwa ya ce bai faɗa ba, mai fassara ce ta ƙara nata." Bai dube ni ba da ya faɗi wannan. "In ya zaɓi ta biyu, zai koma aikinsa, mutuncinsa na nan. Ita kuma yarinya sai ta je ta yi wa amni bayani."

Kowa a tsakar gidan ya san irin bayanin da ake yi a can, da yadda mace ke fitowa in ta fito. Na dubi mahaifiyata. Yayanta ne a gefe ɗaya, wanda ya ciyar da ita da marayunta, ga 'yarta a ɗaya gefen. Ban taɓa jin tsanar wani abu a duniya kamar yadda na tsani rahoton nan a wannan lokacin ba, da takardarsa mai santsi da hoton zangarniyar dawa a bangonsa.

Na ce, "Baba, a ce ni ce. Zan je."

Dattijon ya ce, "Uskuti, rufe bakinki, ba ke aka tambaya ba. Shi za a tambaya."

Aka bar dattawan suka ga Kawu. Da suka dawo dattijon ya ce Kawu bai ma bari sun gama ta biyun ba. Cewa ya yi yarinyar nan ko wasali ba ta ƙara ba, in ƙarya ta zama dole gara ya yi wa kansa da ya yi wa marainiya. Ya ce a kawo Alƙur'anin.

A babban zauren mai gona aka yi, ranar Juma'a da yamma, aka gayyato masu gonaki da wakilansu da 'yan kasuwa, don abin ya yi amo. Mata ba sa shiga, ni da mahaifiyata muka tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin wata bishiyar maina. Na ga an sauko da shi daga mota. Rigarsa ta yi masa yawa, yana taka ƙafa ɗaya a hankali. Abin da ya faru a ciki daga baya na ji, a bakin mutane da yawa, duk iri ɗaya. Ya yi alwala, ya dafa, ya ce da Larabci da murya mai ƙarfi: babu ma'aikacin da ya mutu a gonar nan, babu wanda aka binne, shi ya ƙaga don yana jin haushin ubangidansa. Mai gona ya tashi ya rungume shi, ya ce ma'alesh, ba komai, ɗan Adam ajizi ne, ya yafe. Aka kawo lemo. Makullin sito kuwa tuni an ba wani.

Ba mai gonar da ya sake ɗaukarsa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya fi ciwo ƙanana ne. Rigima ta tashi a kan iyakar fili tsakanin wani ɗan unguwa da wani ɗan gari, aka ce a kira Kawu, sai ɗan garin ya yi murmushi ya ce wanne, wanda ya rantse shi maƙaryaci ne? Ma'aikatan da suka haƙa kabarin nan da hannunsu, in sun haɗu da shi a tasha sai su gaishe shi da sauri su wuce. Ya koma sayar da albasa a bakin kasuwa, yana kasa ta kashi-kashi a kan buhu.

Bayan wani lokaci malamina ya aiko mini da mujallar cibiyar ta ƙarshen shekara. A shafin nasarori aka rubuta cewa sakamakon matsin lambar da suka yi an saki dattijon nan, suka sake kiransa da sunan da suka ba shi, har da hoton ɗalibai riƙe da kwalaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daktora ta aiko mini da ban haƙuri mai tsawo, na san kuma daga zuciyarta ne. Ta ce ta kasa barci, ta ce sun gyara dokarsu, yanzu ba a bayyana alamar jikin mutum, har ma ana koyar da abin da ya faru a aji don ɗalibai su kiyaye. Wato Kawu ya sake yi musu amfani. Ita ta zama farfesa. Ban amsa mata ba, domin duk abin da na fara rubutawa zagi yake komawa, ni kuma ba a yi mini tarbiyyar zagin wanda ya ci abinci a gidanmu ba.

A unguwa kowa ya san tilas aka yi masa, ba mai riƙe shi da komai. Shi ne ya riƙe kansa. Ran da liman ya kwanta ciwo aka tura Kawu gaba kamar yadda aka saba, sai ya ja da baya ya shige sahu na ƙarshe. Limamin da kansa ya zo gida ya karanta masa abin da malamai suka ce a kan wanda aka tilasta, ya ce babu zunubi a kansa. Kawu ya yi godiya, ya raka shi har ƙofa, bai kuma sake jan salla ba.

Da aurena ya tashi, ba wanda ya yi tunanin tambayar wa zai ba da ni. Dangin mahaifina sun watse, wanda ya rage a Fau tun tuni ya ce Kawu ne ubana, shi zai yi walicci. Ana saura kwanaki kaɗan Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfarsa yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ya ce ya roƙi maƙwabcinmu dattijo ya tsaya a madadinsa ranar ɗaurin aure.

Na ce, "Ya khali, Kawuna, wane laifi na yi maka?"

Ya ce ba laifi.

Na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Na ce saboda ni ya yi rantsuwar nan, duk garin nan an san gaskiya ya faɗa wa Baturiya, an san takobi ne a wuyansa ran da ya dafa Littafi. Na ce in ba shi zai ce ya bayar ba, na fasa auren. Ya bar ni na gama, yana ta juya albasa ɗaya a hannunsa.

"Ya bitti, saurara," in ji shi. "Ko dai na yi ƙarya gaban na'ura, ko na yi ƙarya gaban Alƙur'ani. Ɗaya daga ciki dole ne, ba malamin da zai goge wannan. Aure da magana ake ɗaura shi. Gobe in kun saɓa da dangin mijinki, wani zai buɗe baki ya ce dama wa ya ba da ita. Ba zan sa miki wannan a cikin kayan ɗakinki ba."

Ranar ɗaurin aure ya sa farar rigarsa ta Idi, ya riga kowa zuwa masallaci, ya taya shimfiɗa tabarmi. Ƙanena ne ya ba ni labari. Ya ce da liman ya tambaya ina waliyyin amarya, duk masallacin aka juya ana kallon Kawu, har shi limamin. Kawu yana can baya kusa da takalma, ya sunkuyar da kai, ya sa hannunsa na hagu cikin aljihu. Aka yi ta jira, bai ɗago ba, har maƙwabcinmu ya gyara murya ya ce, "Ga ni."